Makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo: me ake dubawa kafin a yanki fom?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Mun tashi daga Kurna mun dawo wajen Rijiyar Zaki, makarantar da Sadik yake zuwa ta yi mana nisa. Shekararsa shida a watan Agusta, ƙanwarsa uku da rabi. Na leƙa makarantu biyu, duka na jeka-ka-dawo. Ta farko bene ce, fenti sabo fil, da motar ɗaukar yara, yaran kuwa Turanci a bakinsu kamar ruwa. Dubu 95 a zango, ban da littattafai da yunifom. Ta biyu gidan zama ne aka mayar makaranta, dubu 48, da Islamiyya bayan azahar. Abbansu ya ce in zaɓi duk wadda ta kwanta min, amma in sani in an shiga ba fita. Ni dai ta farkon ce ta tafi da ni, sai dai gabana yana faɗuwa. Me ya kamata in duba?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Yaya, in kuna da hali ku sa shi a mai tsadar nan kawai. Da arha ba ta ado. Ni tun da na mayar da Hanan irin wannan makarantar, ko baƙi aka yi sai sun tanka yadda take magana.

Ɗan Kurna:
Tana magana, to tana karantawa? Ba gatse nake ba Ummu Hanan, tambaya ce.

Ummu Hanan:
Kai dai Ɗan Kurna ba ka rabo da neman magana. Ajinta biyu fa, me kake so ta karanta, jarida?

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Maman Sadik, 'yata, shekara talatin da biyar na yi a aikin ilimi, goman ƙarshe a sashen duba makarantu, don haka ki yi haƙuri da tsawon bayani, tsofaffi ba mu iya gajarta zance ba.

Kafin fenti, kafin mota, ki ce a nuna miki takardar amincewar gwamnati. A Kano akwai hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, kowace jiha kuma tana da irin tata ko wani sashe a ma'aikatar ilimi. Makarantar kirki ba ta ɓoye wannan takarda, a ofishin shugaba za ki gan ta a rataye cikin gilashi. Ki karanta da idonki: sunan da ke jiki shi ne na kan allon ƙofa? Adireshin nan ne, ko na wani reshe a wata unguwa? Sannan izinin na wane mataki ne? Da yawa izinin nazire da firamare suka karɓa, da yaransu suka girma sai suka ɗora sakandare a kai ba tare da sun koma hukuma ba. Ba za ki ga illar ba sai ranar jarrabawa. Makarantar da WAEC da NECO ba su amince da ita a matsayin cibiya ba, kwasar ɗalibanta take ta kai wata makarantar su zauna da sunan can. Sakamako ya fito da sunan makarantar da yaro bai taɓa zama a ajinta ba, in kuma waccan ta samu matsala aka riƙe sakamakonta, naki ya shiga ciki.

Za ki ce Sadik yanzu zai shiga aji ɗaya, ina shi ina WAEC. Haka ne. Amma wanda ya yi wasa da takardar izini, ki tabbata ba a nan kaɗai wasansa ya tsaya ba.

Maman Sadik:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ko a raina ban kawo zancen takarda ba. Ba za su ga kamar raini ba ne in na tambaya?

Baba Mai Ritaya:
Raini a ina? Ɗanki za ki ba su tun bakwai da rabi har azahar, kwana biyar a mako. Ko akuya za ki ba da kiwo ai kya tambayi inda za ta kwana.

Abban Walida:
Baba ya gama magana a nan. Mu tuna abin da ya faru a garin nan, yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a ƙarshen 2021, aka gano a Janairun 2022 cewa mai makarantarsu ne da kansa, Allah ya ji ƙanta. Bayan nan ne gwamnatin Kano ta ce ta soke lasisin duk makarantun kuɗi sai an sake tantance su. Tun daga lokacin ni ba na sa yaro a makarantar da ban san mai ita ba. Ba sani na gaisuwa ba: a ina yake zaune, a wane masallaci yake salla, me mutanen layin suke faɗa a kansa. Mai kanti da mai wankin hula na ƙofar makaranta sun fi takardar talla gaskiya.

Malama 'Yar Aji Uku:
Ni zan yi magana a matsayin wadda ke cikin abin. Shekarata bakwai ina koyarwa a makarantun kuɗi, wannan ce ta huɗu da na yi. Anti Maman Sadik, ba mai makaranta ne zai koyar da ɗanki ba, ba kuma benen ba. Ni ce, ko wata irina. To ki tambayi abu ɗaya: malamar ajin da za a sa shi, tun yaushe take makarantar? In aka ce miki wannan zangon ta zo, ki tambayi ta bara ina ta tafi.

Akwai inda na yi aiki, iyaye suna biyan sama da dubu ɗari a zango, mu kuma albashinmu dubu 25, shi ma sai goma ga wata, wani lokacin sha biyar. Watan Agusta babu albashi, wai hutu ne. Ka makara da minti biyar a cire ɗari biyar. A shekara ɗaya ajin da ke kusa da nawa malamai uku suka riƙe shi, yaran sai da suka daina tambayar sunan sabuwar anti. Kowa ta zo ta fara daga inda ta ga dama, wani darasin an yi shi sau biyu, wani ba a taɓa shi ba. Amma ranar taron iyaye yaran nan suka hau dandamali suka zuba Turanci, iyaye suna tafi har da masu hawaye. Sati uku muka yi ba karatu muna haddatar da su wannan jawabin.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne tun Yulin 2024. Ku da kuke biyan kuɗin, ku taɓa tambaya ko malamar ɗanku tana samun rabinsa.

Hajiya Mai Makaranta:
Malama, ban musa abin da ya same ki ba, amma don Allah a riƙa yi mana adalci, kada a haɗa mu a tukunya ɗaya. Ni ma ƙaramar makaranta gare ni, yara ɗari da tamanin da 'yan kai. Bari in buɗe muku cikina. Ginin haya ne, mai gida ya ninka kuɗin bara. Ruwa saya muke daga 'yan ga-ruwa in famfo ya ƙi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, aka cire tallafi ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce dubu, sai da na sayar da motar makarantar saboda ba za ta iya ɗaukar kanta ba. Ga haraji, ga sabunta lasisi, ga na allon talla, kowa da rasidinsa.

Sannan babbar maganar da iyaye ba sa son a faɗa: ba a biya a kan lokaci. Yanzu haka muna sati na takwas, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su kammala ba. Wani uban ana bin sa kuɗin zango biyu, in ka matsa sai ya cire yaran ya kai wata makarantar da bashinka a wuyansa, can ma a karɓe shi ba tambaya. Da me zan biya malamai ranar talatin ga wata? In na kori yaro a ce ba ni da imani, in na bar shi malama ta ce na ci haƙƙinta.

Malama 'Yar Aji Uku:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ba da ke nake ba. Na san akwai masu tsoron Allah, inda nake yanzu ranar ashirin da takwas ake biyanmu kuma har Agusta. Shi ya sa shekarata uku ban motsa ba, duk da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abin da nake so Anti ta gane kenan: inda malamai suke zama, akwai dalili.

Ɗan Kurna:
Ni fa har yanzu ban ga abin da ya kai mutane wannan wahalar ba. Dukkanmu nan makarantar gwamnati muka yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Malaman gwamnati ma su ne masu NCE na gaske, na kuɗin nan rabi 'yan gama sakandare ne masu jiran JAMB.

Abban Walida:
Malam, yaushe rabonka da shiga ajin firamaren gwamnati a cikin birni? Ka je ka ƙirga kawuna ka dawo mu yi magana. Malami ko waliyyi ne ba zai iya duba littafin yara sama da ɗari ba.

Baba Mai Ritaya:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kowa ya kama gefe ɗaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, da rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Wannan ƙa'ida ba ta ce ban da makarantar kuɗi ba. Amma takarda ma ba ita ce ƙarshe ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da dubu 21 suka kasa kai makin da aka yanka, aka yi ta rigima da ƙungiyar malamai. Ko ka yarda da yadda aka yi ko ba ka yarda ba, su dai an gwada su. Na makarantar kuɗi wa yake gwada su? Mai makaranta ne kaɗai, sai ku iyaye in kun sa ido.

Ga gwajin da nake yi in na je duba makaranta, ba ya cin minti goma. Ba na karɓar littafin da hedimasta ya miƙo min. Ni nake shiga aji in ɗauki na yaron da ke zaune a bencin baya, kusa da taga. In buɗe daga farko. Akwai kwanan wata a kowane aiki? Jan biro ya bi ta kai, ko an yi sati biyu ba a duba ba? Na sha ganin lissafi an rubuta 7 a tara da 8 ya ba da 16, malami ya zabga masa alamar daidai har da yabo a ƙasa. Wannan bai duba ba, hannu kawai ya bi. In kuma na ga inda yaro ya yi kuskure, aka ja layi, ya sake yi a ƙasa aka sake dubawa, to ko a ƙarƙashin bishiya suke karatu na san akwai malami a wurin.

Ummu Hanan:
Baba ka sa na tashi na ɗauko jakar Hanan. Innalillahi. Rabon da a duba littafin lissafinta tun ranar sha ɗaya ga watan jiya.

Ɗan Kurna:
Ban ce komai ba.

Ummu Hanan:
Gara ka yi shirun.

Malama 'Yar Aji Uku:
Ummu Hanan kada ki je da faɗa, ki fara tambayar malamar a hankali, wataƙila aji biyu aka haɗa mata. Kuma ki yi mata ƙaramin gwaji a gida. Kada ki ba ta littafin makaranta, ta haddace shi. Ki rubuta mata gajeriyar jimla da hannunki, kalmomin da ta sani amma a jere daban, ki ce ta karanta, sannan ki ce ta gaya miki ma'anar da Hausa. Nan ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Ina da yaro a aji uku da zai rera miki jihohi 36 da manyan biranensu ba tuntuɓe, amma na ce ya nuna min Kano a taswira ya ɗora yatsa a teku.

Abu Fatima:
Wannan zancen Turanci shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Akwai makarantar da na cire 'ya'yana saboda tarar da ake cin yaro in ya yi Hausa, naira hamsin duk kalma, har da wani ɗan leƙen asiri a aji mai rubuta sunaye. Yarinyata ta koma ba ta magana kwata-kwata a makaranta, fitsari ya matse ta ta kasa faɗa saboda ba ta san yadda ake cewa ba, ta yi a zaune. Shekararta biyar. A 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, duk da abin bai yi nisa ba. Ban ce kada a koyi Turanci ba, da shi za su rubuta jarrabawa. Amma yaron da bai gane abin da ake faɗa ba, me ya koya?

Ummu Hanan:
To Abu Fatima in ba a matsa musu ba yaushe za su iya? A gida Hausa, a layi Hausa, a Islamiyya Hausa. Awa shidan nan ne kaɗai suke jin Turanci. Mu da aka bari muna Hausa a aji ga shi nan har yau in za mu cike fom sai mun nemi taimako.

Abu Fatima:
A koyar da shi da kyau, na yarda. A tsorata yaro da shi, ban yarda ba.

Hajiya Mai Makaranta:
Ku iyaye ne kuke jawo wannan. Uwa za ta zo bayan sati uku ta ce har yanzu ɗanta bai fara Turanci ba, maƙwabciyarta nata yana yi. Ba ta taɓa tambayar ko ya iya riƙe fensir ba. Abin da kasuwa take so shi ake kawo mata. Haka zancen tsallake aji. Ni nake roƙon iyaye su bar yaro ya yi aji shida, su suke cewa a'a, daga aji biyar, wani ma daga huɗu, a tura shi sakandare a rage kuɗin shekara. Makarantu da yawa yanzu ba su da aji shida sam, babu masu zama.

Baba Mai Ritaya:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tsarin shekara shida ne a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana da shida zai gama yana da sha takwas ko kusa. Yanzu ana gamawa da sha huɗu, a zo JAMB a tarar ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce. A 2024 ma an so a mayar da ita 18, aka yi ta cece-kuce, daga baya aka dawo da 16. To yaro ya gama ya zauna a gida shekara biyu yana danna waya, ko a je a yi rantsuwar ƙarya a kotu a ƙara masa shekaru. Ina ribar?

Tunda zance ya zo nan, Maman Sadik ki kula da yadda za a rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a rajistar makaranta tun ranar farko. Ki kai takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, a kwafa daga jiki harafi da harafi. Sadik, Sadiq, Saddiku, Abubakar, duk mutum ɗaya ne a gida, amma a wurin kwamfuta mutum huɗu ne. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, in suna ya saɓa da na sakamakon jarrabawa sai an sha zirga-zirga. Jikana wata uku muna gyaran harafi ɗaya.

Bassakkwace:
Mu nan Sakkwato abin da munka gani, kuɗin zango ba shi ne kuɗin makaranta ba. Sai ka biya ka ce ka huta, sannan takardu su fara zuwa cikin jakar yaro.

Abban Walida:
Wallahi kamar ka shiga gidana. Maman Sadik, ki ce su rubuta miki komai na shekara guda a takarda ɗaya, da sa hannu. Ni da na zauna na tara na Walida na bara, abin da na kashe a gefe ya kusa kai kuɗin zango biyu. Yunifom kala uku, na Litinin, na wasanni ranar Laraba, na Juma'a, kuma dole a wurinsu za ka saya. Littattafai irin waɗanda ake rubutu a ciki, ƙanenta ba zai gaje su ba. Kuɗin lesin, wanda aka ce ganin dama ne amma a cikinsa ake yin abin da zai fito a jarrabawa. Kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ranar al'adu, yawon buɗe ido zuwa gidan zu. Abin da ya fi ba ni haushi bikin yaye ɗalibai: yarinya ta gama nazire biyu za ta shiga firamare a cikin ginin nan dai, wai sai an ɗinka mata riga da hula irin ta 'yan jami'a.

Kuma ki yi lissafi da biyu, ba ɗaya ba. Ƙanwar tana tafe, in Allah ya kawo wani ya zama uku. Dubu 95 sau uku sau yara biyu, dubu 570 kenan a shekara kafin a sayi fensir, kuma ban taɓa jin makarantar da ta rage kuɗi ba. Abin da mai gidanki ya faɗa gaskiya ne. Yaron da ake ɗauke shi daga wannan makaranta zuwa waccan duk shekara saboda bashi ya fi wanda ya zauna a matsakaiciya shan wahala. Ana korar yaro gida ranar jarrabawa a gaban abokansa, ba ya mantawa.

Maman Sadik:
Hmm. Ni fa dubu 95 ɗin kawai na riƙe a kaina. Na gode Abban Walida. To zancen mota fa? Ta farkon suna da bas, dubu 30 a zango. Ta biyun da ƙafa ma za a iya zuwa, minti goma.

Maman Biyu:
Yaya, minti goma da ƙafa ni'ima ce, kada ki raina. Nawa a Adaidaita Sahu suke tafiya, mu huɗu muka haɗa kuɗi. Shida da rabi yake zuwa, lokacin sanyi duhu bai gama washewa ba, yara suna shan shayi a tsaye. Wata rana na fito ba shiri na tarar da yara tara a ciki, biyu a gaba kusa da direba, jakunkuna a rataye a waje. Ashe bayan ya bar layinmu yana ƙara wasu. Bas ɗin makaranta ma ki tambaya: ɗanki na farkon ɗauka ne ko na ƙarshe? Na farkon ɗauka shi ne na ƙarshen saukewa, a zafin Afrilu yaro ya yi awa ɗaya da rabi a mota. Ya iso gida ƙarfe uku, ya ci abinci, huɗu Islamiyya, ya dawo magariba ga aikin gida. Yaushe ya yi wasa?

Kuma ki je lokacin tashi, ba da safe ba. Da safe kowace makaranta kyakkyawa ce. Ki tsaya a tsallaken titi wajen ƙarfe ɗaya da rabi ki ga yadda ake sakin yara. Akwai mai tsaron ƙofa da ya san fuskar masu ɗauka, ko buɗe ƙofa ake kamar an saki tumaki? Ki shiga banɗakin yara, ba na malamai ba. Akwai ruwa, akwai buta fiye da ɗaya, na mata daban?

Baba Mai Ritaya:
Benen kuma ki dube shi da idon basira. A Yulin 2024 ginin wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, akasari ɗalibai. Ki duba ko bango ya tsage, ko an ɗora hawa a kan tsohon gini, matakala guda nawa ce, kuma 'yan ƙanana a ƙasa suke ko a sama. Gidan zaman da aka mayar makaranta shi ma da nasa: ɗakin kwana mai taga ɗaya an cusa yara talatin, ba filin wasa, ƙofar fita ɗaya tak.

Ummu Hanan:
Ni Islamiyyar ta biyun ce ta ɗan ja hankalina. In haɗe take ai an huta da biyan wuri biyu.

Abu Fatima:
In da gaske ake yi. Wasu suna ne kawai don jan iyaye, malami ɗaya ga yara sittin, ana ta rera sura ɗaya har zango ya ƙare. Ta sa a kira mata yaro ɗan aji uku ya karanta mata daga inda ta buɗe, ba daga inda ya saba ba.

Shugabar Zaure:
Jama'a a ci gaba da kiyaye doka, ban da kiran sunan makaranta ko na malami, mai son ƙarin bayani ya bi mutum ta akwatin sirri. Na goge saƙo biyu masu tallar makaranta. Maman Sadik, in kin je ki dawo mana da labari.

Maman Sadik:
Salamu alaikum, na dawo. Jiya da yau na yi yawon, har Abbansu ya raka ni ta farkon.

Mai benen suna da takardarsu a rataye, komai daidai, ginin kuma ba laifi, 'yan nazire a ƙasa suke. Amma da na ce ina son shiga aji ɗaya in ga littafin yara, sai aka ce doka ta hana iyaye shiga aji, za a kawo min samfuri ofis. Na tambayi malamar ajin, wai sabuwa za a ɗauka a Satumba. Jimillar shekara da suka rubuta min da bas da komai, Abbansu ya kalla ya ninke takardar ya sa a aljihu bai ce uffan ba.

Ta biyun takardarsu ta nazire da firamare ce kawai, kuma matar ta gaya min da bakinta ba su da sakandare, ba su da niyyar buɗewa. Suna da aji shida, yara sha ɗaya a ciki. Malamar aji ɗaya shekararta biyar a wurin, ta bar ni na ɗauki littafin yaron bencin baya kamar yadda Baba ya ce, na ga jan biro har na shekaranjiya, da inda aka sa shi ya sake rubuta harafin b da yake juyawa ya koma d, layi guda cur. Yara ashirin da tara a ajin. Sai dai ɗakin akwai zafi, fanka ɗaya ce, filin wasan kuma tsakar gida ce kawai. Banɗaki biyu ne na yara, da ruwa a randa, amma ƙofar na matan ba ta rufuwa. Na faɗa mata, ta ce kafinta zai zo ranar Asabar.

Ban biya ba tukuna. Na ce zan koma Litinin in ga ƙofar.

Hajiya Mai Makaranta:
In kin koma ki tambaye ta ko tana karɓar biya kashi biyu, kuma ta rubuta miki ranakun. Mu ma ya fi mana sauƙi.

Ummu Hanan:
Ni ma na je wajen malamar Hanan. Aji biyu aka haɗa mata tun da abokiyar aikinta ta tafi haihuwa, yara hamsin da huɗu. Gobe zan ga shugaban makarantar. Malama 'Yar Aji Uku, in na turo miki hoton littafin ta akwati za ki duba min?

Malama 'Yar Aji Uku:
Turo bayan isha'i, yanzu ina kan nawa guda talatin da biyu.